Sunan Ɗan Fari a Bakin Kaka

Na Allah ne mu, kuma gare shi ake komawa. Kaka, uwar babana, ta rasu ranar kasuwar Bande da hantsi, tana zaune a gindin bedi tana ɓarar gyaɗa da hannunta na hagu. Ba ta yi wata sabuwar jinya ba, ba ta ce ko kaina ba. Ƙwaryar ce kawai ta kife.

Duk wanda ya shigo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa: "Ba jiya na gan ta a ƙofar gida ba?" Matar liman ta tsaya a tsakar gida riƙe da haɓa, ta ma manta ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Matar da bakinta ya fara dawowa? Shekaranjiya fa ta ce mini sannu." Ƙawar Kaka ta ƙuruciya, wadda muke ce wa Iya ta gidan gabas, ba ta yi kuka ba. Ƙasa ta zauna tana tambayar duk wanda ya gifta, "To in mala'iku sun zo tambaya, da wane baki za ta amsa musu?" Liman ya aiko a gaya mata can ba da wannan harshen ake amsawa ba. Ta ce ta ji, amma ba ta gamsu ba.

A waje Baba yana kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Akwai mutanen da suka shekara ba su ba shi hannu ba, ran nan sai ga su sun riƙe hannun sun ƙi saki, idonsu na ƙasa. Ina tsaye ina kallonsu sai na ji wani baƙo da ya zo daga wajen Dungas yana tambayar na kusa da shi wace ce ta rasu. Aka ce masa, "Tsohuwar nan ce mai kiran suna ɗaya."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu. Ni ba mai zama ba ne. Tun a sizyam, ajin farko na sakandare, na bar lakwal, na yi Kano, na yi Agadas, na dawo ina kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin ƙauyenmu da Magarya. Amma ba zan bari a tuna Kaka da suna ɗaya ba, matar da kafin ciwon nan ba a taɓa kayar da ita a magana ba.

Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. In tana suya, tun daga bakin rijiya za ka ji ƙamshi, ka kuma ji muryarta. Ba wanda zai wuce ƙofar gidanmu bai samu rabonsa ba. Ni sunan mijinta aka sa mini, don haka maigida take ce mini. In na dawo daga yawona sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida an dawo? Me aka kawo wa amarya, ƙura?" In ce, "Tsohuwa, sakinki zan yi in auro ƴar Damagaram." Ta ce, "Ka fara sayen wando na biyu tukuna." Takan ce da ni ƙafata ta fi kaina wayo, ita ke yanke shawara kai ya bi. Ran da aka koro ni daga lakwal kowa ya zage ni a gidan nan, ita kaɗai ta zuba mini tunkuza mai zafi a hannu ta ce in ci in ƙoshi, zagi ba ya shiga da kyau a cikin da babu komai. Da na cinye ta yi mini nata.

Duk bakin nan nata, akwai kalma ɗaya da ba ta taɓa fita daga cikinsa ba. Baba ne ɗanta na fari, kuma Kaka ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta cin abinci in yana wurin. "Wancan" take ce masa. In wani mai irin sunan ya zo sayen ƙuli, sai ta ce masa mai sunan wancan. Wata shekara masu ƙidayar mutane suka zo, wani yaro a cikinsu ya ce, "Inna, sunan babban ɗanki?" Ta ce, "Kai ba a yi maka tarbiyya ba?" Ta aika aka kira Iya ta gidan gabas ta zo ta faɗa masa, ita kuwa ta shige ɗaki har ya gama rubutawa.

Amma duk ran da ta tace mai, kwalba ta farko daban take ajiyewa. Ta ce mini, "In za ka Magarya ka miƙa wa mutanen can." Mutanen can mutum ɗaya ne, Baba, da yake da kanti a bakin kasuwa. In na dawo ba za ta tambaye ni lafiyarsa ba. Sai can an jima, tana juya kasko, ta ce, "Wancan ya ci abinci kuwa? Na ga kamar wuyan rigarsa ya yi masa yawa." Matar da ba ta kallonsa.

Faɗansu ɗaya na sani. Majo, mai kula da likitar Bande, wato asibitin garin, ya auna ta ya ce tansiyonta, wato jininta, ya hau ƙwarai, ta bar zaman gaban wuta. Baba ya ce ta koma Magarya wurinsa ta huta. Ta aika masa da cewa ba a haife ta don ta zauna kan siminti tana ƙirga ƙuda ba. Da ya ga ba ta da niyyar bari, ya zo da sabuwar motar da ya saya ta ɗaukar kaya, ya sa aka ɗora babban kaskon suyarta a baya ya tafi da shi. Kaka ta fito ƙofar gida, mutane na ji, ta ce, "Ku gaya wa wancan, wanda ya ɗauke mini kasko hannuna ya ɗauke."

Wata bai cika ba ta faɗi a bakin murhu. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta mutu, baki ya karkace. Muka kai ta likita a Magarya. Da ta farfaɗo muna kewaye da gadon, ni da Baba da Goggo, ƙanwar Baba, da Baffa autansu. Ta buɗe ido, ta buɗe baki, sai ga sunan Baba. Sarai, ba gargada. Goggo ta saki kwanon da ke hannunta. Baba ya ja da baya har ya bugi bango. Shi kansa bai taɓa jin sunan a wannan muryar ba.

Muka ɗauka kiransa take yi. Ya matso ya ce, "Ga ni, Inna." Ta sake faɗa. Aka ba ta ruwa, ta faɗa. Aka tambaye ta ina ke ciwo, ta faɗa. Tana son fitsari, sunan. Tana son a rufe ta, sunan. Duk sanda ya fito sai ka ga idonta ya firfito, ta kai hannun hagu ta toshe bakinta, hawaye na zuba. Ita ma ba shi take nufin faɗa ba.

Da muka dawo gida masu dubiya suka cika ɗaki, suka ji, suka fita da shi. Ba a daɗe ba magana ta zaga gari. Ga sabuwar mota, ga kasko da aka ɗauke, ga abin da ta faɗa da bakinta a ƙofar gida, ga hannun ya tafi. Kuma matar da ta shekara hamsin tana kunyar suna, me zai sa ta riƙa kiransa dare da rana in ba nuna wanda ya yi mata take ba? Aka ce Baba ya ba da harshen uwarsa ya karɓi dukiya.

Goggo ta yarda. Ba muguwa ba ce, ita ke wanke Kaka, ita ke juya ta, amma ta yarda. A gaban Kaka suke zama da mata suna maganar, kamar a gaban turmi. Kaka ta yi ta girgiza kai tana kiran sunan da ƙarfi, su ce, "Kun ji ko? Allah sarki, tana ta faɗa." Goggo ta kawo wani mai magani daga ƙetaren iyaka, ya haɗa turaren da ya ce zai mayar da abin kan mai shi. Aka kawo kaskon wuta gaban Kaka. Ta sa hannun hagu ta kifar da shi, garwashi ya ƙona mata tabarma. Mai maganin ya ce, "Kun gani, abin da ke jikinta ne ba ya so."

Baba ya daina zuwa. Ranar ƙarshe da ya shigo, mata na zaune, Kaka ta gan shi ta miƙo hannu tana kiran sunan, kowa ya juyo yana kallonsa. Ya ajiye ledar magani ya fita. A masallacin Juma'a na Bande na ga mutum ya ga hannunsa a miƙe ya sa nasa a aljihu. A Magarya ma ciniki ya ja baya. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa da gaske.

Majo ne ya ce mini akwai wata madam a babbar likita ta Damagaram da aikinta ke nan, koya wa masu shanyewar jiki magana. Baba ya ba da mota amma bai bi mu ba. Ni na ɗauki Kaka a baya na shigar da ita.

Madam ɗin ba ni ta kalla ba, Kaka ta gaida, ta jira. Kaka ta faɗi sunan. Madam ta ce, "Yawwa, na amsa." Sannan a hankali ta ce, "Inna, nuna mini ƙofa." Kaka ta nuna. Madam ta ajiye cokali da kofi da carbi ta ce, "Wanne ake shan ruwa da shi?" Kaka ta taɓa kofi. Madam ta ce, "A ɗakin nan wa ya fi kowa rashin jin magana?" Kaka ta juyo ta ɗora mini yatsa a goshi. Madam ta yi dariya, ni kuwa ban yi ba, don a take na tuna duk abin da ake faɗa a gabanta.

Na ce, "Madam, wai tana ji?"

Ta ce, "Mafi yawa tana ji, in an yi mata a hankali. Hankalinta na nan. Jini ne ya toshe a ɓangaren kai inda magana ke fitowa. Ka ɗauka rumbu ne cike da hatsi, ƙofa ta toshe, sai ƴar kafa ɗaya. Abin da ke bakin kafar shi ke zubowa, ko me mai rumbun yake son ɗiba."

Na ce, "To me ya sa sunan babana?"

Ta ce, "Wani salati ke rage masa, wani zagi. Na ga liman da ba abin da ya rage masa sai ashar. Ba zaɓa suke yi ba." Na gaya mata abin da ake faɗa a gari. Ta juya ga Kaka ta ce, "Inna, ɗanki ne ya yi miki wannan?" Kaka ta girgiza kai har ɗankwalinta ya zame, ta bugi gadon da hannu.

Madam ta koya mini yadda zan riƙa yi da Kaka. A riƙe hannun hagu ana bugawa a hankali, ana jan kalma kamar waƙa, don waƙa ta wata ƙofar take bi. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma ta ja mini kunne: in ta fara magana kada kowa ya ƙarasa mata, a jira ko za a kai la'asar.

Na dawo da murna na faɗa wa Goggo. Ta ce, "Likita me ya sani a sammu? Girgiza kai kuwa, wace uwa ce za ta tona ɗanta a gaban baƙi?" Na je Magarya na faɗa wa Baba. Ya ce, "Ko na yarda, in na shiga ta kira ni, wa zai yarda?"

Sai na ajiye moto da rana. Ni da ban taɓa zama wuri ɗaya ba, na zauna gindin bedi da tsohuwa muna buga bayan ƙwarya muna jan "ruuu-wa" kamar masu koyon karatu. Yara na leƙe suna dariya. Kalmar ruwa ta zo. A'a ta zo, kuma da ta zo kowa ya sha ta. Fura ta ƙi zuwa sam. Wata rana kalma tana fitowa, washegari ta ɓace, sunan ya dawo ya cika ko'ina, Kaka ta jefar da ƙwaryar ta juya mini baya.

Na lura akwai abin da take so wanda ba ruwa ba ne. Takan nuna hanyar Magarya, sannan ta buga ƙirjinta, sannan bakinta. Na ce, "Tsohuwa, so kike ki ce kin yafe masa? Mu koyi na yafe." Ta ɗauki mafici ta sharara mini a kunne. "A'a. A'a." Na jima kafin na gane: wanda ya yi laifi ake yafe wa. In ta ce ta yafe a gaban mutane, ta gama da shi ke nan.

Ƴar maƙwabta ce ta warware mini. Ta kawo wa Kaka ɗan wake, Kaka ta ɗora mata hannu a ka tana ta kokawa da baki. Sannan ta dube ni, ta nuna hanyar Magarya, ta sake ɗora hannun a kan yarinyar. Na ce, "Albarka?" Ta kama hannuna ta matse.

Mun ci damina guda a kan wannan. Kalmar Allah ta zo da sauƙi, don tana bakinta tun fil azal. Albarka ce ta wahalar da mu, takan tsaya a "al" ta kafe. Kuma ta hana ni faɗa wa kowa, in na ce bari in kira Goggo ta ji sai mafici.

Matar Baffa ta haihu. Ran suna dole Baba ya zo, shi ne babba. Ya iso da safe ya zauna can gefen tabarma a ƙofar gida, maza sun cika, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi kamar mai ƙyanda. Na san da an shafa fatiha zai tashi ya tafi bai shiga ciki ba. Kaka ma ta sani. Ina shiga na tarar ta sa an ɗaura mata zanenta na Salla, sanda na hannunta. Ta nuna zaure.

Goggo ta ce, "Inna, maza ne fa a waje." Kaka ta ce, "A'a." Ta rataya a kafaɗata muka fita tana jan ƙafa.

Tsohuwa ta fito cikin maza ran suna, ba a taɓa yi ba. Liman ya tsaya da rabon goro. Baba ya gan ta ya yunƙura zai tashi, ta ɗaga sanda ta nuna masa ƙasa, ya koma ya durƙusa. Na kai ta gabansa. Ta saki sandar, ta ɗora hannun hagu a kan hularsa, ta dube shi cikin ido. Ta buɗe baki, sai sunan. Na ji wani a baya ya ce, "To, ga shi nan." Ta sake buɗewa, sunan. Baba ya rufe ido.

Sai na ga yatsunta sun fara bugawa a kan hular, a hankali, yadda muke yi a bayan ƙwarya.

"Allah." Ta tsaya. "Ya yi wa." Ta faɗi sunan, wannan karon da niyya, kowa ya ji bambancin. "Al." Ta kafe. Jijiyar wuyanta ta tashi, gumi na bin fuskarta. Liman ya buɗe baki zai taimaka mata, na ce, "Malam, a jira ta." Ban san inda na samu wannan ƙarfin halin ba. Aka jira. Har kukan jaririyar muna ji daga cikin gida.

"Albarka."

Ba wanda ya ce amin da farko, kowa ya daskare. Daga zaure aka fara, muryar Goggo ce, tana faɗa tana kuka. Sannan tabarma duka ta ɗauka. Baba bai tashi ba, ya kifa goshinsa a kan ƙafarta, wadda ta mutu ɗin. Iya ta gidan gabas ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ku da kuka ce tona shi take. Abin da mutum ya fi daɗewa yana riƙewa a bayan haƙori ai shi ne a bakin ƙofa."

Sati bai zagayo ba kasko ya dawo a bayan mota. Ba ta iya suya ba kuma, amma ta sa an jingine shi inda za ta riƙa ganinsa, Goggo na suya tana nuna mata kuskure da sanda. Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya: sannu, zo, bari, gishiri. Ni ta samo mini "banza" tun kafin ta samo maigida. Kuma ran da "wancan" ya dawo bakinta, sunan Baba ya koma inda ya fito. Ba mu sake jin sa ba. Baba na zuwa duk Juma'a, ta juya masa ƙeya yadda ta saba, shi kuwa ya zauna yana ta murmushi kamar an ba shi kyauta.

Muna cewa sauƙi ya samu, sai ga ranar kasuwar Bande. Ni kaɗai ke kusa da ita, ina ɗaure kaya a moto zan tafi Magarya. Majo ya ce jinin ne ya sake bugawa, wannan karon gaba ɗaya.

Bayan an yi addu'ar uku mutane sun ragu, Baba ya kira ni gefe, bayan rumbu. Ya daɗe yana gyara hula. Ya ce, "Kai ke wurin. Ta ce wani abu?"

Na ce, "Ta ce."

"Ta kira ni?"

Na ce, "A'a, Baba. Ta ga ina shirin Magarya, sai ta nuna kwalbar mai ta ce in ɗauka. Ta ce, wancan, abinci?"

Ya yi wata irin dariya, ya dafa rumbu, dariyar ta juye. Da ya samu numfashi ya ce, "To ta warke kafin ta tafi."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ya ba Iya ta gidan gabas haƙuri, ta kwantar da hankalinta. Wanda ya buɗe bakin nan a ƙofar gidanmu gaban maza, ba zai bar shi a rufe ba ran tambaya.